Ƙauyen Faransa da babu ko mutum ɗaya a ciki, amma yana da magajin gari

Sani_Mai_Taswira:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani ƙauye a arewa maso gabashin Faransa, kusa da garin Verdun, sunansa Fleury-devant-Douaumont. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya mutum 422 ne a cikinsa. Yau idan ka duba ƙidayar Faransa, sifili za ka gani a gaban sunansa. Ba gida, ba gona, ba mai kwana a ciki. Duk da haka yana nan cikin jerin ƙananan hukumomin ƙasar, da iyakarsa, da lambarsa ta gidan waya, har da magajin gari. Ni a ganina gari mutane ne. In mutane sun watse sama da shekara ɗari, to kufai ne, a kira shi kufai a haɗe ƙasar da ta maƙwabta. Wa magajin garin nan yake shugabanta? Masu sani ku warware mini.

Ummi_Zariya:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Annoba ce ta cinye su ko me?

Malamin_Tarihi:
Ba annoba ba ce Ummi, yaƙi ne, kuma yawancin mutanen ba a cikin ƙauyen suka mutu ba. Ranar 21 ga Fabrairu 1916 Jamus ta buɗe wa Verdun wuta da manyan bindigogin atilare, hukuma ta kwashe farar hula cikin sanyi da ƙanƙara, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Manoma ne da masu saran itace da 'yan ƙananan sana'o'i. Sun fita da niyyar dawowa.

Abin da ya jawo wa Fleury wannan masifa shi ne inda yake zaune. Bayan Faransa ta sha kashi a yaƙin 1870, sai ta kewaye Verdun da sansanonin soja masu kaurin bango a kan tuddai. Mafi girma shi ne na Douaumont, Jamusawa suka karɓe shi ranar 25 ga Fabrairu. Daga nan in za su gangara Verdun, sai sun bi ta kan Fleury su fasa sansanin Souville. Ranar 23 ga Yuni suka shiga ƙauyen, bayan sun kwana suna harba iska mai guba. Daga ranar zuwa 18 ga Agusta, sau 16 wurin yana canza hannu. Wannan ya karɓa da safe, wancan ya ƙwace da dare, kowa kuma yana luguden wuta a kan ɗan'uwansa. Kafin a gama, babu bango ɗaya da ya rage a tsaye. Ba rushewa kaɗai gidajen suka yi ba, niƙe su aka yi suka gauraye da ƙasa. Yaƙin Verdun ya tsaya ranar 18 ga Disamba na shekarar, bayan an kashe soja wajen 300,000 tsakanin ɓangarorin biyu.

Baban_Khalifa:
Na taɓa ganin hotunan wurin. Ba shi ne wanda aka bar ƙonannun motoci da kekunan ɗinki a cikin kangaye ba? Wanda aka tara mata da yara a coci aka cinna musu wuta?

Binta_Lyon:
A'a Baban Khalifa, wancan Oradour-sur-Glane ne, can yammacin tsakiyar ƙasar kusa da Limoges, kuma a yaƙi na biyu abin ya faru, ranar 10 ga Yuni 1944. Sojojin Jamus sun kashe mutum 643 a rana ɗaya. Can an bar kangayen yadda suke, aka gina sabon gari a gefe, yau mutane na zaune a ciki. Fleury kuwa ko kango babu, kuma ba a gina sabo ba.

Dalibin_Nancy:
Malam Sani, gani ya kori ji. Ni na je wurin tare da 'yan ajinmu, daga Nancy ba nisa sosai a mota. Kana barin Verdun hanya za ta hau da kai tudu ta shige daji. Sai kawai ka ga allon sunan gari a bakin titi, irin wanda ake sa wa kowane gari mai rai, an ƙara rubutu a ƙasa cewa rusasshen ƙauye ne. Ka sauka ka duba, itatuwa ne kawai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ƙasar wurin ce. Babu inda ta miƙe. Rami, tudu, rami, tudu, kamar bayan gari inda aka shekara ana haƙar ƙasar gini, sai dai ciyawa da gansakuka sun lulluɓe komai. Kowane rami harsashin igwa ne ya haƙa shi. Sun fitar da titunan ƙauyen guda uku da 'yan turaku, ka bi su da ƙafa. Kana tafiya za ka ga ɗan dutse da ƙaramin allo: nan gidan manomi ne, nan mai burodi, nan makaranta, nan shagon kayan masarufi, nan wurin wanki. Na tsaya a gaban na makarantar na daɗe, don ramin da ke bayan allon sai ya shanye mutum har ƙugu. Ginin da ke tsaye a cikin ƙauyen shi ne wata 'yar majami'a da aka yi bayan yaƙi a inda cocinsu take a da. Can gefe, inda tashar jirgin ƙasa take, an gina gidan tarihin yaƙin, an buɗe shi a 1967.

Mun shiga muna surutu, mun fito babu mai magana. Ban ji kamar na shiga fili ba, na ji na shiga garin mutane ba sa nan.

Sani_Mai_Taswira:
Na gode ƙanena, ka kai ni wurin ina zaune. Amma tambayata na nan. Verdun kanta an ragargaza ta, aka sake gina ta. Ɗaruruwan ƙauyuka a arewacin Faransa sun zama toka a yaƙin nan, aka tashe su. Me ya hana a tashi wannan?

Injiniya_Garba:
Ƙasar ce ta hana, Malam Sani. Bayan yaƙi gwamnati ta bi filayen daga ta kasa su kashi-kashi gwargwadon ɓarna. Inda aka ga kuɗin gyara ya fi darajar ƙasar, aka shafa masa jan launi a taswira, aka hana zama da noma. Fleury na tsakiyar jan yankin. Ka tuna miliyoyin harsasai aka harba a ɗan wannan fili cikin wata goma, kuma da yawa ba su fashe ba, suna nan binne, wasu cike da guba. Ga dalma da sauran ƙarafa da suka shiga ƙasa da ruwa. Ga gawarwakin da ba a tsince ba, dubbai. In ka sa garma a nan, ko ka taɓo bam ko ka tono mutum.

Sai gwamnati ta saye filayen daga hannun masu su, ta miƙa wa ma'aikatar gandun daji aka dasa itatuwa. Dajin da Ɗalibi ya gani ba na asali ba ne, shuka shi aka yi a kan gonakin mutane. Har gobe masu kwance bam suna zagayawa suna kwashe abin da ƙasa ta tofo.

Binta_Lyon:
Gaskiyar Injiniya. A 2013 ma wasu masu yawon buɗe ido sun ga ƙasusuwa sun leƙo daga ƙasa a cikin Fleury ɗin. Da aka tona, sojojin Faransa 26 aka samu a wuri ɗaya. An gane wasunsu ta ƙarfen suna da soja ke ɗaurawa.

Ummi_Zariya:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kusan shekara ɗari suna nan kwance.

Hajiya_Rabi:
To na ji dalilin da ya sa ba a koma ba. Amma maganar Malam Sani ta magajin gari fa? Wa ke zaɓensa tunda babu mai jefa ƙuri'a?

Malamin_Tarihi:
Ba zaɓensa ake yi ba, Hajiya. Wata doka ta watan Oktoba 1919 ta tanadi cewa ƙaramar hukumar da yaƙi ya watsa mutanenta, a naɗa mata kwamitin mutum uku su riƙe ta. Wakilin gwamnatin tsakiya a gundumar Meuse ne ke naɗa su, shugaban kwamitin shi ke matsayin magajin gari. Kuma ba Fleury kaɗai ba ce. Ƙauyuka tara aka shafe a kewayen Verdun. Shida babu kowa a cikinsu har yau: Fleury, Beaumont-en-Verdunois, Bezonvaux, Cumières-le-Mort-Homme, Haumont-près-Samogneux da Louvemont-Côte-du-Poivre. Sauran ukun, wato Douaumont da Vaux da Ornes, an ɗan samu 'yan gidaje. An ba su laƙabin waɗanda suka mutu domin Faransa, irin wanda ake rubuta wa sojan da ya faɗi a fagen daga.

Aminu_Kofar_Mata:
Kantoma ne ke nan. To me yake yi daga safe zuwa yamma?

Dalibin_Nancy:
Yaya Aminu, ba aikin ofis ba ne na kullum, a wani garin suke zaune. Aikinsu kula da wurin: a share hanyoyi, a gyara allunan, a kula da majami'ar da dutsen da aka rubuta sunayen 'yan ƙauyen da suka mutu a yaƙi, a karɓi baƙi da 'yan makaranta. Kowane ƙauye kuma yana da ranar da ake taruwa duk shekara a yi addu'a, jikokin mutanen wurin su zo. In an tsinci ƙasusuwa kamar yadda Anti Binta ta faɗa, dole a samu hukumar da za a kira, don a cikin iyakarta abin ya faru.

Sani_Mai_Taswira:
Duk wannan ai ma'aikatar kula da kayan tarihi za ta iya yi. Ba sai an ce ƙaramar hukuma ba.

Dan_Damagaram:
Ku yi mini haƙuri in ɗan karkata zancen, don akwai abin da ya shafe mu kai tsaye ba a ambata ba. Wa ya ƙwato wuraren nan? Ranar 18 ga Agusta rundunar mulkin mallaka mai ɗauke da sunan Maroko ce ta karɓe Fleury karɓa ta ƙarshe. Ranar 24 ga Oktoba kuma da aka ƙwato sansanin Douaumont, tare da ita akwai bataliyar baƙaƙen sojoji daga Afirka ta Yamma da wasu daga gaɓar Somaliya. Turawa na kiransu 'yan Senegal gaba ɗaya, amma daga duk ƙasashen da Faransa ke mulka a yankinmu aka kwaso su, har da ƙasarmu. A lokacin nan Damagaram ce hedikwatar mulkin soja na Nijar. Kakata ta sha ba mu labarin yayan mahaifinta da aka ɗauka soja a zamanin. Ba shi ya kai kansa ba, an ce wa mai gari ne ya kawo samari adadi kaza, sunansa ya faɗa ciki. Bai dawo ba, ba takarda, ba kaya. Uwarsa har ta rasu ba ta yarda a raba 'yan awakinsa ba. Duk sanda na ji an ambaci Verdun sai in ce wa ya sani ko yana cikin dajin nan.

Kuma ku lura, a ƙarshen wannan shekara ta 1916 ɗin ce Kawusan, jagoran Abzinawa, ya kewaye sojojin Faransa a Agadas. Wasu 'ya'yan ƙasar na mutuwa saboda Faransa a Turai, wasu na yaƙarta a gida, duk a lokaci guda.

Aminu_Kofar_Mata:
Allah ya jiƙansa. Ashe har da Hausawan Najeriya a Verdun ke nan?

Tsohon_Soja_Kaduna:
A'a ɗana. Namu na wannan ɓangaren ƙarƙashin Ingila suke, kuma Ingila ba ta kai su Turai ba. Kamaru suka yi yaƙi da Jamusawa, daga baya aka kai su Afirka ta Gabas. Verdun kuwa tsakanin Faransa da Jamus ne. In akwai Bahaushe a can, ta hannun Faransa ya je.

Dalibin_Nancy:
Baba Dan_Damagaram, maganarka ta tuna mini. Daga Fleury in ka ƙara gaba kaɗan za ka iske babbar maƙabartar Douaumont, kabari sama da 16,000. Akwai sashe guda na Musulmi, kabari 592, an karkata su sun fuskanci alƙibla, duwatsunsu daban da na sauran. A saman kowane an sassaƙa wata da tauraro, da rubutun Larabci cewa wannan kabarin marigayi ne, sannan suna da harufan boko a ƙasa. Yawanci sunayen Aljeriya da Maroko da Tunisiya na gani, amma akwai na ƙasashen baƙar fata. Mu Musulmin cikin tawagar muka tsaya muka yi musu addu'a. A gefe akwai farar ƙubba ta tunawa da sojoji Musulmi, shugaban Faransa na lokacin Jacques Chirac ya buɗe ta a 2006.

Sama da maƙabartar kuma ga dogon ginin da aka tara ƙasusuwan soja wajen 130,000 da ba a gane ko su waye ba, Faransawa da Jamusawa a haɗe. An buɗe shi a 1932. A bayansa akwai 'yan tagogi ƙasa-ƙasa, sai ka durƙusa ka leƙa. Na leƙa ɗaya na ga ƙoƙunan kai da ƙasusuwan cinya jibge har sama, ban iya leƙa ta biyu ba.

Kwamared_Isa:
Ni fa nan ne raina ke ɓaci. Ƙasar da ta iya riƙe sunan ƙauyen da ba kowa shekara ɗari, ta naɗa masa shugaba, ita ce a 1959 ta daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashen da ta mulka, Bafaranshe na karɓar cikakke, wanda suka kwana rami ɗaya da shi yana karɓar abin da bai taka kara ya karya ba. Sai bayan shekara ta 2000 aka fara gyarawa, lokacin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ƙubbar Musulmin ma da Ɗalibi ya ambata, shekara 90 bayan yaƙin Verdun aka kafa ta. Sun san darajar tunawa sarai, zaɓar wanda za su tuna suke yi.

Binta_Lyon:
Ban musa maka ko ɗaya ba Kwamared, zalunci ne kuma su kansu Faransawa da yawa sun yarda da haka. Amma mutanen Fleury ba su suka yi shi ba. Talakawa ne da aka kora daga gonakinsu, aka biya su diyya, suka ƙare rayuwa a garuruwan wasu. Laifin gwamnati ba zai sa in ce a goge sunan garinsu ba.

Kwamared_Isa:
Ban ce a goge ba. Cewa na yi a auna da mudu ɗaya.

Malamin_Tarihi:
Kwamared, ko a cikin nasu ma an yi zaɓen wanda za a tuna. A gefen Fleury ɗin nan, ranar 11 ga Yuni 1916, aka harbe wasu ƙananan hafsoshin Faransa biyu, Henri Herduin da Pierre Millant, ba tare da shari'a ba. Laifinsu shi ne sun janye da 'yan tsirarun sojojin da suka rage musu bayan an kusan ƙarar da rundunarsu. Sai a 1926 kotu ta wanke su. Yau akwai dutsen tunawa da su a wurin. Da an mayar da ƙasar gandun daji kawai, an share sunan, ina ganin irin wannan labarin da wuya ya samu wurin tsayawa.

Mai_Lissafi:
Bari in kawo wani ɓangare, don kar mu ɗauka yaƙi kaɗai ke cinye ƙauyukan Faransa. Gundumar Meuse a 1851 tana da mutum sama da 320,000. Kafin yaƙin ma ta riga ta sauko ƙasa da 280,000. Yau ba ta kai 190,000 ba. Tun ƙarni na 19 samari ke barin noma suna tafiya masana'antu da birane. A ƙidayar 1931 ne mazauna birane suka fara rinjayar na karkara a ƙasar. Waɗannan ƙauyukan tara ma ƙanana ne tun asali: Ornes ce babba da mutum 718, Haumont kuwa 131 kacal.

Sannan Faransa na da ƙananan hukumomi kusan 35,000, rabinsu ba su kai mutum 500 ba. Tun juyin juya halin 1789 aka mayar da kusan kowane ƙauye mai coci ƙaramar hukuma, kuma Bafaranshe bai son a taɓa masa wannan. Akwai wani a gundumar Drôme, Rochefourchat, da ya yi suna saboda an sha ƙirga mutum ɗaya tak a cikinsa, kuma ba bam ɗin da ya faɗa masa. Don haka a wurinsu daga mutum ɗaya zuwa sifili ba wani dogon tsalle ba ne. Abin da ke ba mu mamaki, su bai ba su ba.

Hajiya_Rabi:
Wato kana nufin ko ba yaƙi Fleury zai mutu?

Mai_Lissafi:
Ba lallai ya mutu ba Hajiya, amma da wuya ya riƙe 422 ɗin nan a matsayin manoma. Ko ya ragu, ko ya zama wurin kwanan masu aiki a Verdun tunda kusa yake.

Injiniya_Garba:
Akwai bambanci babba, Mai Lissafi. Garin da ke raguwa a hankali, kowa da ƙafarsa ya fita, ya kulle ƙofa ya sa makulli a aljihu, in ya ga dama ya dawo hutu. Waɗannan rana ɗaya aka ce su fita. Kuma Fleury ba gari ne mai mutuwa ba a lokacin, ginin sansanonin da layin dogo sun kawo masa ma'aikata da sojoji da ciniki. Abin da ya kawo masa kasuwa shi ya jawo masa wuta.

Yar_Gusau:
Tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba. Malam Sani, da girmamawa, ina ganin ba ka taɓa zama da wanda aka raba da garinsa ba. Kakata yanzu tana hannunmu a cikin gari, 'yan bindiga suka tashe su, ƙauyen ba kowa. Ba ta rasa ci ba ta rasa sha, amma kullum zancenta ɗaya: wa ya san inda rijiyarsu take yanzu, wa zai nuna kabarin mijinta. Ranar da ƙanena ya je cike wata takarda aka tambaye shi garin haihuwa, ya faɗa, ma'aikacin ya ce ai wannan garin babu shi, ya rubuta wani. Da ya dawo ya ba da labari, tsohuwar nan kuka ta yi kamar ranar aka kore su. Ni da za a ce hukuma ta ajiye sunan garinsu a littafi, ta ce ga mai unguwarsa ko da a gudun hijira yake, wallahi da ta samu sauƙi. Ba ƙasar kaɗai ake riƙe wa mutum ba, shaida ce cewa ya fito daga wani wuri.

Ummi_Zariya:
Allah ya mayar da su gidajensu lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Tsohon_Soja_Kaduna:
Amin. Amma 'yata, kar mu roƙa wa namu irin na Fleury. Can an haƙura da komawa ne shi ya sa aka kafa alluna. Namu ƙasar lafiyarta ƙalau, tsaro ne babu. Komawa muke so, ba dutsen tunawa ba.

Sani_Mai_Taswira:
Yar_Gusau, Allah ya ba Inna haƙuri, maganarki ta shige ni. A riƙe suna, a riƙe iyaka a taswira, ban ƙi ba ko kaɗan. Inda na tsaya shi ne, kakarki tana da rai, akwai wanda ake riƙe wa. Mutanen Fleury na ƙarshe da aka haifa a can duk sun shuɗe. Jikokin jikoki a wasu garuruwa aka haife su, can suke zaɓe, can suke biyan haraji. Hukuma ana kafa ta ne don masu rai. Wurin ya cancanci a kiyaye shi a matsayin maƙabarta da wurin tarihi, wannan daban, ƙaramar hukuma daban.

Mai_Lissafi:
Kuma ba wai ba a taɓa haɗewa ba. A farkon 2019 Douaumont da Vaux sun dunƙule sun zama ƙaramar hukuma ɗaya, Douaumont-Vaux. To in masu 'yan mutane sun haɗe, me zai hana marasa kowa?

Malamin_Tarihi:
Waɗancan suna da mazauna da za su ce sun yarda. A shidan nan wa zai sa hannu a madadin mutanen? Dokar 1919 riƙo ta bayar kafin masu gari su dawo. Ba su dawo ba, kuma ba wanda ya taɓa iya tsayawa a gaban jama'a ya ce to yau an rufe littafin. Ƙasar da ta rasa soja wajen miliyan 1.4 a yaƙin nan, kusan kowane ƙauye da dutsen sunayen 'ya'yansa a dandali, ba ƙaramin abu ba ne ɗan siyasa ya miƙe ya ce a soke garin da aka rubuta ya mutu dominta. A nan Douaumont ne ma shugaban Faransa François Mitterrand da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Helmut Kohl suka riƙe hannun juna a 1984 don nuna gaba ta ƙare.

Kwamared_Isa:
Ka ga dai siyasa ce ke nan, Malam.

Malamin_Tarihi:
Siyasa na ciki, alkawari ma na ciki.

Hajiya_Rabi:
Ni dai na fi karkata ga Yar_Gusau. Kuɗin da ake kashewa kan mutum uku masu share hanya da gyara allo nawa ne? Ba a hana wani abinci saboda shi ba.

Aminu_Kofar_Mata:
Ni kuma ina bayan Malam Sani. Shekara ɗari biyu nan gaba ma haka za a ci gaba da naɗawa?

Dan_Damagaram:
Wannan su Faransawa za su yanke. Ni abin da ya dame ni daban. Binta, ke da kike can, akwai hanyar da mutum zai bi ya nemi sunan wanda ya mutu a cikin sojojinsu na wancan yaƙin? Sunansa da na mahaifinsa kawai muke da su, sai garin da aka ɗauke shi.

Binta_Lyon:
Akwai, Baba. Ma'aikatar tsaron Faransa ta sa katunan sojojin da suka mutu a yaƙin a intanet, a wani shafi mai suna Mémoire des hommes, kyauta ne, kuma na Afirka suna ciki. Katin kan nuna runduna da ranar mutuwa da wurin da mutum ya faɗi. Matsalar ita ce rubutun suna. Magatakardan soja yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, Musa ya koma Moussa, Mamman ya koma Mamane ko Mamadou, wani a ba shi sunan garinsu ko na ƙabilarsa a madadin na uba. Ka gwada kowane salo, kuma a wajen gari ka sa Zinder, kar ka sa Damagaram. In ka turo mini sunayen ta akwatin sirri zan zauna in duba maka a ƙarshen mako.

Dan_Damagaram:
Allah ya saka da alheri 'yata. Bari in kira gwaggona a gida in tabbatar da sunan kakan nasa tukuna, ita kaɗai ta rage da ta san jerin.